Rabin aya da bashin adashe

Na daɗe ina son in rubuta wannan abin amma kunya take hana ni, don gaskiya ban fito da kyau a cikin labarin ba, in ma akwai wadda ta fito da kyau to wata tsohuwa ce da ko wayar shafawa ba ta da ita. Yau dai yara sun tafi gidan kawunsu, NEPA sun yi abin kirki sun bar mana wuta, na ce bari in zauna in fitar da shi daga cikina.

A watan Janairun 2023 ne mu mata 12 'yan Zumuntar Mata a ikilisiyarmu nan Kaduna muka kafa adashe. Zubi dubu 10 duk ƙarshen wata, mai kwasa ta tafi da dubu 120. Ni aka naɗa uwar adashe wai don ni malamar firamare ce na iya lissafi kuma ba na wasa da rubutu. Kun san a unguwa uwar adashe tana da ɗan abin da ake bar mata na wahalarta, amma mu muka ce haba, 'yan'uwa ne cikin Ubangiji, babu wannan maganar. Na sayi sabon littafi da biro biyu, shuɗi na waɗanda suka zuba, ja na waɗanda suka makara, ina ta jin kaina wata babbar ma'aji. Lokacin kuma shi ne lokacin wahalar canjin kuɗin nan, da aka sake takardun 200 da 500 da 1000 mutum da kuɗinsa a banki amma sai ya wuni a layi, masu POS kuma suna yankan mutane yadda suka ga dama, so kusan duk zubin ta tiransifa ake yi, ni kuma in kwana ina duba waya ko alat ya shigo.

Akwai wata 'yar'uwa a cikinmu, ba zan faɗi sunanta ba kuma don Allah waɗanda suka gane su yi shiru. Awara take soyawa a bakin titi da yamma, mijinta kuma yana jan keke. Ita ce mai buga mana tulu in muna waƙa, kuma duk wanda ya taɓa zama a sujadar Hausa ya san in babu mai tulu waƙar zumunta kamar miya ce ba gishiri. A ƙuri'ar da muka yi ni na faɗa watan Maris, ita kuma Disamba. Sai ta same ni bayan mitin ta ce Malama, mai gida ya ba mu notis, in ba mu biya haya ƙarshen Maris ba waje za mu kwana, ki taimake ni mu yi musanya. Ban ko yi shawara da Baban yara ba na ce na ba ki. Da aka sanar a mitin mata suka tafa min, wata ma ta kira ni Dokas, wato matar nan mai yawan taimakon matalauta a Littafi Mai Tsarki, na sunkuyar da kai irin na tawali'un nan amma a ciki daɗi nake ji kamar an ba ni sarauta.

Ta kwashi dubu 120 ɗinta a Maris. Afrilu ta zuba, Mayu ta zuba. Sai ga 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mu farga litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, wata biyu bayan nan ta wuce 600, kuɗin mota ya tashi, mudun masara ya tashi, hatta mai barkono cewa yake mai ya yi tsada. Ƙarshen Yuni na buɗe littafi, kowa shuɗi sai ita. Na kira ta ce Malama ki yi haƙuri sati mai zuwa. Sati mai zuwan nan har yau bai zo ba. To mai kwasar Yuni ba ruwanta, dubu 120 take jira cif, kuma dokar adashe ai sananniya ce, in wata ta gaza uwar adashe ce za ta cike. Na cire dubu 10 daga albashina da bai ma kai dubu 50 ba na cike. Yuli na cike. Agusta na cike. Tun tana ɗaga waya har ta daina, in mun haɗu a coci sai ta bi ta ɗaya ƙofar.

Baban yara bai yi faɗa sosai ba, shi ba mai hayaniya ba ne, amma duk ƙarshen wata sai ya ce to Dokas, an cike? Kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

A Satumba, lokacin da ake komawa makaranta ga kuɗin yara uku a gabana, na shirya takanas na je gidanta. Gidan haya ne irin mai ɗakuna a jere kowa da murhunsa a ƙofa. Na yi sallama shiru, amma ga silifas ɗinta ruwan ɗorawa a bakin ƙofa, na san su sarai don da su take zuwa koyon waƙa, ga labule yana ɗan motsi. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗaga labulen in shiga. Ban yi ba. Tsayawa na yi a tsakar gida na ɗaga murya irin wadda nake yi wa 'yan aji huɗu, na ce a gaya wa matar ɗakin nan mai kuɗi ta zo, in ba ta tsoron mutane ta ji tsoron Allah, dubu arba'in ba ganyen mangwaro ba ne. Wata maƙwabciyarta tana wanke-wanke ta tsaya da soso a hannu tana kallona, yara suka taru. Na juya na tafi ina huci, kuma in faɗa muku gaskiya a hanya ji nake na yi daidai.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda na yi a Oktoba. Na ga hotonta a Facebook a wajen wani biki sanye da anko, sabon atamfa har da gwaggwaro. Kai, ranar ko abinci ban iya ci ba. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki ba don in nemi fuskar Allah ba, makami na je nema, na kuwa samu a Zabura 37:21 inda aka ce mugu yakan ci bashi ba ya biya. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe na ɗora a sitatus na WhatsApp, na ƙara da hannuwan addu'ar nan guda uku a ƙasa. Mu Kiristan zamanin nan mun ƙware a wannan, habaicin da iyayenmu mata suke yi a bakin turmi mu da aya muke yinsa, in an tambaye ka sai ka ce ai Maganar Allah ce kawai na raba. Duk 'yan zumunta sun gani, kowa ta san da wa nake. Ita ma ta gani, na duba sunanta a jerin waɗanda suka kalla. Daga wannan Lahadin ba ta sake zuwa sujada ba. Tulu ya koma hannun wata yarinya da take bugunsa kamar tana dakan sakwara.

Muna da wata tsohuwa a ikilisiya kowa Kaka yake ce mata, har fasto. 'Yar Wusasa ce, can Zariya, tana yawan ba mu labarin tsohon cocin ƙasar nan da aka gina a 1929 wanda har yanzu yana nan tsaye, da yadda iyayensu suka zauna da Likita Mila, Baturen mishan ɗin da ya yi aikin fassara har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Irin wannan tsohuwar fassarar ce a bakinta, in muna Addu'ar Ubangiji mu muna cewa ka gafarta mana laifofinmu ita sai ka ji muryarta daban tana cewa basussuwanmu, har yara suna dariya. Ashe jikarta ta nuna mata abin da na ɗora.

Ranar wata Lahadi a Nuwamba an tashi sujada ina tattara jaka sai ta yafito ni da sandarta.

Ta ce, "Malama, zo nan 'yata. An ce kin fara wa'azi a waya."

Na durƙusa na gaishe ta na ce a'a Kaka, aya ce kawai.

Ta ce, "To idona ya mutu, buɗe ki karanta min ita."

Na buɗe na karanta, mugu yakan ci bashi ba ya biya, na yi shiru.

Ta ce, "Nan ta ƙare?"

Ban taɓa jin zafin kunya irin na ranar ba, don ragowar ayar na nan a gabana ƙuru-ƙuru, cewa take amma adali mai alheri ne, yakan bayar. Na karanta da ƙaramar murya. Sai na fara kare kaina, na ce Kaka ai na bayar, ni na ba ta layina, ni nake cike mata wata shida ke nan, ga anko ta yi ni kuwa 'ya'yana ko takalmin makaranta ban canza musu ba.

Ta bar ni na gama tas sannan ta ce, "Wancan kin bayar an tafa miki. Wannan ba mai tafawa, shi ya sa ya yi miki nauyi. Ni ban ce ki bar mata kuɗinki ba, guminki ne. Amma Ubangiji cewa ya yi in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi kai da shi kaɗai. Ke kin tara mata unguwa, kin tara mata zumunta, ita kaɗai ce ba ki samu ba. Bashi hanji ne 'yata, yana cikin kowa." Ta miƙo min hannu in tashe ta, shi ke nan, ba ta ƙara ko kalma ba.

Daren nan na kasa barci, sai na buɗe Matiyu 18 inda maganar take, aya 15, na ci gaba da karatu har na iso wurin da Bitrus yake tambaya ko sau bakwai ya isa a gafarta, Yesu ya ce masa saba'in sau bakwai, na yi wata 'yar dariyar da ba ta daɗi ba don a lissafina in Disamba ta zo dubu saba'in cif zan bi ta. Sai misalin bawan nan da sarki ya yafe wa talanti dubu 10 shi kuma ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Tun ina Sande Sukul na san labarin amma ban taɓa zama na yi lissafinsa ba, to halin malamai, na ɗauko jan biron nan na juya bayan littafin adashe. Dinari ɗaya ladan lebura ne na wuni guda, haka yake a Matiyu 20. Talanti ɗaya dinari dubu 6 ne. Wato bashin bawan farko ladan kwana miliyan 60, in ka raba da 365 ya fi shekara dubu 160 mutum yana aiki ba Lahadi ba hutu. Wannan kowa ya san ba ya biyuwa. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne ɗaya bashin. Dinari 100 ladan fiye da wata uku ne fa. Kullum in ana wa'azi sai a ce ɗan ƙaramin bashi, 'yan kwabbai, ashe ba 'yan kwabbai ba ne, ya ma fi nawa, don nawa bai kai albashin wata biyu ba. Yesu bai raina kuɗin bawan nan ba, bai ce masa me ye abin damuwa ba, ya san kuɗin da zai yi wa talaka ciwo ne. Kuma kafin in kai ƙarshe na lura laifin da aka kama shi da shi ba wai ya tuna ana riƙe masa kuɗi ba ne, shaƙe wuyan ne, da jefa shi kurkuku bayan ya roƙa a yi masa haƙuri da irin kalmomin da shi ma ya roƙi sarki da su. Ni ban da kurkuku, amma na kori mace daga gidan Ubanta da rabin aya.

Na sha tunani a kan kalmar nan alheri. Mu Hausawa mun ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, mun ce alheri gadon barci, kuma gaskiya ne, amma in ka duba duk a cikinsu akwai sa rai, ka yi yau ka girba gobe. Irin wannan na yi a Maris, na shuka ina jiran tsiro, ko ba kuɗi ba a ce min na gode a gaban jama'a. Alherin da muke rerawa duk Lahadi, wanda Bulus ya ce a Afisawa 2 ta wurinsa aka cece mu ba don ayyukanmu ba, wani iri ne daban, an yi mana shi ne tun muna ɓoye a bayan labule silifas ɗinmu a waje. A Luka 6:35 ma cewa aka yi ku ba da rance ba da sa ran a mayar muku ba, ayar da na tabbata babu uwar adashen da ta taɓa ɗora ta a sitatus.

Kada ku ɗauka washegari na tashi na zama waliyyiya. Sai da na ƙara sati shida ina jan ƙafa. Disamba na kwashi dubu 110 maimakon 120, na rufe littafi. Lahadin farko ta sabuwar shekara aka yi Jibin Ubangiji, da dattijo ya iso layinmu da farantin gurasa hannuna ya ƙi miƙuwa, na bari ya wuce, Baban yara ya kalle ni ta gefen ido bai ce komai ba. Da yammar ranar na auna shinkafa mudu ɗaya na sa a leda, don ban san yadda ake shiga ɗakin da aka yi wa tijara hannu rabbana ba.

Wannan karon na ɗaga labulen. Tana zaune a ƙasa tana tsince wake a faifai, da ta gan ni sai ta miƙe waken ya zube, ta fara cewa Malama don Allah, na ce ba kuɗi na zo karɓa ba, gafara na zo nema. Na ce abin da na yi a tsakar gidan nan da wanda na yi a waya zunubi ne, ki yafe min. Na ɗauka za ta rungume ni mu yi kuka irin na fim, ina, shiru ta yi tana tattara wakenta ɗaya-ɗaya, can ta ce, "Kin san maƙwabtana har yau matar mai bashi suke ce min?" Ba ni da amsa. Na durƙusa na taya ta tsince waken.

A nan na ji abin da da na shiga tun Satumba da na ji. Keken da mijin yake ja ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum, da mai ya tashi fasinja suka koma tafiyar ƙafa ya kasa haɗa balas ɗin, mai keke ya karɓe abinsa a Yuli. Mijin ya tafi wajen Abuja neman aikin gini, wani watan ya turo wani watan shiru. 'Yarsu ta biyu sikila ce, ban taɓa sani ba duk zamanmu a zumunta, a Agusta ciwon ya tashi sai da aka ƙara mata jini, jarin awara ya tafi a nan. Na tambaye ta me ya sa ba ki faɗa ba, ta ce da wane bakin, ke da kika ba ni layinki aka tafa miki.

Maganar anko kuwa na kasa haɗiyewa sai da na tambaya. Ta ce bikin ƙanwar mijinta ne, in ba ta yi ba dangin miji ba za su bar ta ta sha ruwa ba, bashi ta ci ta yi. Har yau ban gamsu da wannan ba, a ganina mai bashin dubu saba'in ba ta da hurumin ƙara wani don atamfa, kuma na gaya mata hakan a fuskarta, ta ce haka ne. Wannan al'adar ankon ma wata rana sai na yi rubutu a kanta daban, ta talauta mata da yawa a majami'unmu.

Ban ce na yafe kuɗin ba, don da na faɗa ƙarya zan yi, zuciyata ba ta kai nan ba kuma ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai haƙƙin Baban yara a ciki. Abin da muka yi shi ne na ce ba wa'adi, ba zan sake kira ba, abin da ya samu ki kawo. Ranar mitin ɗin zumunta na tashi a gaban matan nan da suka ga sitatus ɗina na ce na yi kuskure, na karanta musu ayar har ƙarshe. Wasu sun ce ai ke aka cuta me ye na ba da haƙuri, wata har ta ja ni gefe ta ce kina lalata ta ne. Matar fasto dai ta sa aka fitar da wani abu daga asusun zumunta don maganin yarinyar, Kaka kuma ta kwance bakin zaninta ta ajiye naira 500 duk ta dunƙule.

Sai a Ista ta dawo sujada, ta zauna can baya kusa da ƙofa. Sati uku bayan nan yarinyar da ke bugun tulu da kanta ta kai mata shi.

Tana biya a hankali, wani watan dubu 2, wani watan ba komai, da kaka ta kawo min wake mudu huɗu daga ƙauyensu muka yi masa kuɗi na rage. Yanzu saura dubu 23, yana nan a rubuce, amma da shuɗin biro. Akwai ranakun da in na ga ta sa sabon ɗankwali sai in ji abin ya taso min har wuya, sai in tsaya a wurin nan na Addu'ar Ubangiji in faɗe shi irin na Kaka, basussuwanmu, wani lokaci sau biyu kafin ya sauka.

Da za a kafa sabon adashe ta zo ta tsaya a bakin ajinmu bayan an tashi yara, tana murza gefen gyale, ta ce Malama ko za a sa ni. Na ce sai na tambayi Baban yara. Shi kuma ya daɗe yana kallon silin sannan ya ce to Dokas, a sa ta, amma ita ce kwasar ƙarshe. Da na gaya mata sai ta yi dariya ta ce ai dama Disamba ce tawa tun farko.